Jakar Hannun Hagu

Malamin da ke koya mana Turanci, a bayan idonsa Sabon Salo muke ce masa, domin ba ranar da zai shigo aji bai ce yau ya zo mana da sabon salo ba. Matashi ne, bai daɗe da gama karatu ba, ga fara'a ga tsabta, kuma tsakani da Allah ba shi da mugunta ko kaɗan. Ni dai da na san inda rashin muguntar nan tasa zai kai mu, da na roƙi a canza mana shi da mugu.

Ajin namu a saman wani shagon tayoyi yake, sai an bi ta wani matsattsen bene mai warin roba. Dukkanmu manya ne, kowa daga wurin nemansa yake zuwa da yamma da gajiyarsa. Akwai mai tasi, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu, akwai nas, akwai masu gadi biyu, da wata mai gyaran gashi da ba ta taɓa zuwa da biro ba. Ni a kantin magani nake aiki, takardun cikin kwalaye ne suka koro ni karatu. Yayana kuma kujerun kushin yake yi. Wani otal ya fara ba shi aiki, manajan wurin Turanci kawai yake yi, Yaya kuwa ya tsani a ce sai an nemo masa tafinta kafin ya faɗi farashin aikinsa. Tare muke zuwa a babur ɗinsa, tare muke komawa, don a gidansa nake zaune.

A gidan nan akwai abin da ni da matarsa, Anti, muka rufe muka hau kai muka zauna. 'Yarsu, wadda muke kira Balbela saboda dogon wuya da siraran ƙafafu, bahaguwa ce. Shekararta shida. Da hagu take taje kan 'yartsanarta, da hagu take zana tsuntsaye a bayan kwalayen da nake kawo mata daga kanti, tsuntsaye masu gashin ido da takalma. Tun tana rarrafe Anti ta lura, ta faɗa min tana dariya. Ni ban yi dariya ba. Na ce mata ko da wasa kada Yaya ya ji.

Sai muka mayar da abin wasa. Da zarar an ji ƙarar babur ɗin Baba a ƙofa, hannun hagu zai tafi barci, ya kama gefen riga ya kwanta, na dama ya tashi aiki. Balbela ta iya wasan fiye da mu. In ana cin abinci shinkafa ta yi ta zubewa daga cokali, Yaya ya ce yarinyar nan akwai ƙazanta, mu ce ai yarinta ce. Da sassafe yake fita, sai yamma yake dawowa, saboda haka asirinmu ya daɗe a rufe.

Na san abin da nake tsoro. Yaya ma bahago ne. Ban tarar da farkon abin ba, amma na tarar da ƙarshensa. Innarmu, Allah ya jiƙanta, da ɗankwali take ɗaure masa hannun a baya, in kuma ya kuskure ya miƙa shi cikin kwano, bayan babban cokalin ƙarfe ne zai sauka a kan yatsun. Ƙaramin yatsansa har yau a karkace yake. Bai taɓa kiran wannan zalunci ba. Gata yake ce masa, a 'yan lokutan da maganar ta taso, kuma ba ya bari ta yi nisa.

Ranar da abin zai faru, Sabon Salo ya shigo da leda a hannu yana murmushi. Ya zazzage ta a tebur: almakashi, abin buɗe gwangwani, da wata ƙaramar ƙwallo. Ya raba mana takardar karatu, ya rubuta kan darasin a allo. Da na haɗa haruffan na gane a kan masu amfani da hannun hagu ne, sai na saci kallon Yaya.

Takardar ba ta faɗi komai mummuna ba, wannan kam zan yi mata adalci. Muka yi ta karantawa layi-layi muna tuntuɓe. Ta ce kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, ba ciwo ba ne kuma ba rashin tarbiyya ba. Ta ce almakashi da makamantansa ba don su aka ƙera ba. Malam ya nuna mana kujerun da muke kai, kowace da allon rubutunta a dama. Da layi ya zo kan Yaya, ya karanta nasa da ƙyar, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Na fara cewa a raina ƙila mu tsallake.

"To, mu nan mun haura ashirin," in ji malam. "Waye bahago a cikinmu?"

Ba wanda ya ɗaga hannu.

"Ba zai yiwu ba. Akwai wanda ya ɓuya." Ya ɗauki ƙwallon yana juya ta. "Wanda aka tilasta wa komawa dama zai yi rubutu da dama, ya ci abinci da dama, ya gaisa da dama. Amma a jefa masa abu ba zato, kafin kai ya yi tunani hannu ya riga ya ba da amsa. Ku gani."

Ya jefa wa nas, ta cafe da dama tana ihu. Ya jefa wa mai gyaran gashi, ta kare fuska, ƙwallon ta bugi tagar. Aji ya kaure da dariya, manya sun koma yara. Yaya ba ya cikin wasan. Ya sunkuya yana murza ɗinkin kujerar da yake kai, halin sana'a, ba ya zama a kan abu bai duba wanda ya yi shi ba. Ƙwallon ta nufo fuskarsa. Hannunsa na hagu ya tashi caraf ya kama ta.

"Ga shi nan!" malam ya yi tsalle kamar ya tsinci zinare. "Mun same shi! Fito, maigida, fito gaba!"

Mai tasi ya ce, "Ashe kujerar da ka yi min da hannun banɗaki ka ɗinka ta? Shi ya sa take min tsami!"

Yaya ya fita, don ba ya iya yi wa malami gardama, ko da malamin sa'an ɗan cikinsa ne. Ya tsaya a gaban allo da tabon gam a wandonsa, ƙwallon na hannunsa har yanzu, bai san inda zai ajiye ta ba.

Sabon Salo yana da yadda yake koyar da kowace sabuwar jimla. Zai faɗa, mu maimaita baki ɗaya, sannan ya juya ta tambaya mu amsa, ya kai ta jiya, ya kai ta gobe. Haka muka yi da tebur, haka muka yi da jan biro. Ranar nan da yayana aka yi. Ya nuna shi da rula, aji ya ɗauka da Turanci kamar waƙa: wannan mutumin bahago ne. Shin wannan mutumin bahago ne? E, bahago ne. Jiya bahago ne. Gobe ma bahago zai kasance. Masu gadi suna buga tebur suna ba waƙar kiɗa. Ni na tsuke bakina, sai malam ya ce, "'Yar'uwa, ban ji muryarki ba."

Bai tsaya nan ba. Ya ce kowa ya yi wa Yaya tambaya ɗaya da Turanci, don mu saba da hira. Wa ya hana ka? Ta yaya? Ka yi kuka? Yaya, wanda in yana ciniki da Hausa sai ya sayar wa makaho madubi, Turancinsa bai wuce sunayen abubuwa ba. Ya riƙa jefo su ɗaya-ɗaya kamar mai koyon magana. Uwa. Ɗaure. Cokali. Zafi. Malam ya tattara su ya gina masa cikakkiyar jimla a allo, cewa mahaifiyata ta ɗaure min hannu lokacin ina ƙarami, ya ce kowa ya kwafa. Mutane suka sunkuya suna kwafar Innarmu cikin littattafansu, mai gyaran gashi na neman aron biro.

Mai tasi ya miƙe ya haɗa tasa tambayar, a kan wane hannu Yaya yake tsarki da shi tunda dukkansu biyu sun shiga kwano. Malam ya ƙunshe dariya ya ce, "Tambayar ba ta dace ba, amma ginin jimlar ya yi daidai."

Nas ce ta tambaya ko ana gadon abin.

"Yakan bi gida," in ji malam. Ya juya ga Yaya. "Kana da yara, maigida? Ka gwada su, za ka sha mamaki. Riƙe ƙwallon ma, na ba ka kyauta."

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji mai tasi.

Da aka tashi, ni da Yaya muka kama hanyar gida. Ina bayansa a babur, wayata na cikin jaka, ba halin in kira Anti ba tare da ya ji ba. Muna tsayawa a ƙofa Balbela ta fito da gudu, hannun hagu ya riga ya kama gefen riga kamar yadda muka koya mata. Bai ko sauka ba. Ya zaro ƙwallon daga aljihu ya jefa mata.

Ta cafe da hagu, ta ɗaga sama tana ƙyalƙyala dariya. "Baba, na kama!" Sai ta ga fuskar uwarta a bakin ƙofar kicin. Ta saki ƙwallon ta mayar da hannun gefen riga da sauri, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Bai doke ta ba. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi ihu da na fi samun sauƙi. Ya kafe babur, ya wanke hannu, ya zauna, sannan ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Yaya, kai ma ka karanta takardar nan. Ba ciwo ba ne. Ba laifi ba ne."

"Takardar aka yi wa dariya ko ni?"

"Wawaye ne suka yi dariyar."

"Wawayen su ne mutane, Auta. Da su za ta zauna." Ya duba hannunsa na hagu, ya juya shi. "Ina da furfura a gemu aka tsayar da ni ana rera ni. Kin san dalili? Inna ta yi sakaci, ta bar saura. Ni ba zan bar saura ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Washegari ya dawo da wuri, da damin guntayen yadin da yake nuna wa masu sayen kujera. Ya baje su a tabarma ya kira Balbela. "Zo, 'yar Baba, zaɓi wanda kike so, zan yi miki wani abu." Ta yi ta juya su tana shafawa a kumatu, ta zaɓi wani koren karan-miski mai furanni. Ya ɗora ta a cinya ya auna hannun da tef, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, sannan ya auna ƙugunta yana yi mata cakulkuli tana dariya. Anti ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ni na tsaya na kalla, kuma a ranar na ji na tsani yayana, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin da ya ɗinko jaka ce 'yar ƙarama ba yatsu, daidai dunƙulen hannunta. Ya yi mata shafi da siririn soso ta ciki don kada ta goge fata. Ya haɗa ta da bel da ke zagaye ƙugu, maɗaurin a baya inda hannun yarinya ba zai kai ba. Ɗinkin ya yi kyau, ba zare ɗaya da ya fita layi, ko kujerun otal ɗin bai yi wa irin wannan aikin ba.

"Ni ba na duka," ya ce da mu yana ɗaura mata. "Ba ɗankwali, ba cokali. Ku gode Allah."

Da farko yawo ta yi ta yi da ita a tsakar gida tana nuna wa kaji. Kafin magariba ta ɗauko kwalinta za ta yi zane, ta ce a cire mata. Ya ce a'a. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, shi yana zaune yana shan shayinsa. Lokacin wanka kaɗai ake cire ta. Ya kai ta makaranta da kansa ya ce wa malamarsu hannun magani ake yi masa. Yara suka sa mata suna Mai Jaka. Wata rana ta yi tuntuɓe a matakalar aji, ba hannun da za ta tare, ta sauka a kan haɓa, sai da aka yi mata ɗinki. Ta koma fitsarin kwance. Tsuntsayen da take yi da dama suka zama kamar dankali, ta yayyaga su, daga baya ta daina karɓar kwalayen ma.

Kullum ya dawo sai ya durƙusa ya tambaye ta, "Hannun ya fita yau?" In ta ce a'a, ya ba ta alawa ya ce ita ce jarumar Baba. Sau ɗaya Anti ta cire mata da rana. Da yamma yarinyar ta faɗa, don ba ta iya yi wa ubanta ƙarya. Yaya ya ce wa Anti, cikin sanyin murya, in ta sake za ta koma gidansu, kuma ita kaɗai za ta tafi. Ba ta sake ba.

Aji kuwa Yaya bai fasa zuwa ba, ko sau ɗaya. Wani yammaci Sabon Salo ya tuna, ya tambaye shi da Turanci ko ya gwada yaran. Yaya ya miƙe. Na san ya yi kwanaki yana haddace amsar, don ina jin sa a banɗaki. Ya ce da Turanci, "A gidana babu bahago ko ɗaya." Malam ya buɗe baki don murna, ya ce wannan ce jimla ta farko da Yaya ya yi ba kuskure ko ɗaya, har ya sa mu maimaita ta.

Da aka tashi na tare shi a kan bene na faɗa masa komai, jakar da bel ɗin da haɓar. Ya dafe kai.

"Subhanallahi! Amma ai takardar ta ce tilastawa ba kyau. A sakin layi na uku yake, mun karanta tare."

"Mun karanta, malam."

"Bari, zan shirya darasi na musamman a kai. Ko za ki iya kawo yarinyar aji? In suka gan ta da idonsu..."

Na ce masa in ya sake ambaton hannu a ajin nan, ko na dama ne, sai na turo shi daga saman benen. Ya tsaya yana kallona, har ga Allah bai gane me ya yi min ba.

Ranar Asabar Yaya ya tafi kai kujeru otal, Anti ta tafi kasuwa. Na riga na yanke shawara, in ya so ya kore ni daga gidan. Na kira Balbela ɗakina na kwance maɗaurin, na zare jakar na jefa ƙarƙashin gado. Hannun ya yi fari ya yamushe kamar wanda ya daɗe a ruwa, yana ɗan wari, a dunƙule. Na murza shi da mai, na buɗe yatsun ɗaya-ɗaya. Ta kawar da kai tana kallon bango.

Na ɗauko fensir na sa a tafin. Yatsun suka rufe a kansa da kansu, suka gyara riƙo daidai yadda suka saba. Na ji hawaye ya zo min don farin ciki. Na ce, "Yi min tsuntsu ɗaya, Balbela. Mai takalma. Ba wanda zai sani."

Ta juyo ta dubi hannun. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a fuskar yaro ba. Ta ɗaga na dama ta kai masa duka, ta sake, ta sake, har fensirin ya faɗi.

"Mugu! Ba ya jin magana! Shi ya sa ake min dariya!"

Na riƙe ta, ta fizge. Ta shiga ƙarƙashin gado da rarrafe ta jawo jakar, ta cusa hannun da kanta, ta zagaya bel ɗin a ƙugu, ta juya min baya.

"Gwaggo, ɗaure min."

"Ba zan ɗaure ba."

Ta fasa ihu, tana buga ƙafa a ƙasa, tana cewa Baba zai tambaye ta, za ta ce ya fita, ba za ta zama jaruma ba. Numfashinta ya fara sarƙewa. Na durƙusa na sa maɗaurin a ramin farko, inda ya fi sako-sako. Ta yi shiru tana ajiyar zuciya. Ta ɗan tsaya kamar mai sauraron wani abu, sannan ta waiwayo.

"Ba nan ba, Gwaggo. Ƙara matsewa. Har yanzu yana motsi a ciki."